Shekarar da Na Ajiye Tuƙi

Na san labarin da kuka taso kuna ji game da ni da Yaya Sale. Wasu sun ce muku rigimar gado ce ta raba mu, wasu sun ce mahaifiyarku ce ta hana ni tuƙi don tana tsoron hanya. Ko ɗaya ba haka ba ne. Lokacin da abin ya faru Baba yana raye, da ƙafarsa yake zuwa fadama, ba wanda ya kawo zancen gado. Mahaifiyarku Hajara kuwa ba ta taɓa hana ni fita neman abinci ba. Abin da ya shiga tsakanina da yayana man fetur ne, cikin tankin mota ɗaya, kuma ina so ku ji yadda aka yi daga bakina tun ina da ƙarfin ba da labari.

Motar Fijo ce doguwa, fara, irin ta ɗaukar fasinja. Tare muka saye ta. Yaya Sale yana da shagon yadi a kasuwar Haɗeja, shi ya kawo kaso mafi tsoka, ni kuma na kawo ɗan abin da na tara a shekarun da na yi ina tuƙa motar wasu, na haɗa da ƙarfina. Hanyata Haɗeja zuwa Kano ce. In na yi lodi da sassafe, kafin la'asar sakaliya na dawo gida. A wancan zamani ba wanda yake tunanin mai. Makanikai da fetur suke wanke hannu, in ya yi datti su watsar a ƙasa. In ka shiga gidan mai ba ka tambayar ko akwai, cewa kawai kake yi a cika. Na so aikin nan ƙwarai. Na san kowane rami a hanya, na san wace mai abinci ce a Gujungu take da miya mai kyau, kuma a tasha in aka ce Idi Direba ba a ƙara tambayar wane Idi.

Sai aka shigo shekarun da gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje, ta ce mu ci abin da muka noma. Fadamar Haɗeja ta tashi. Mutanen da ba su taɓa noman rani ba suka shiga, ƙananan injinan ban ruwa suka cika bakin kogi, in ka tsaya da hantsi ba abin da kake ji sai ƙararsu. Baba yana da fadama babba da ya gada, amma tun da aka datse ruwa a can sama ambaliya ta daina kai mata yadda ta saba, sai ɗan gefen da ke kusa da kogi yake nomawa da jigo. Ku da ba ku ga jigo ba, doguwar sanda ce a kan gwafa, guga a wannan kai, curin laka a wancan, kana ja kana juyewa a magudana har kafaɗarka ta gaya maka. Muka sayi inji, muka buɗe gonar gaba ɗaya, muka zuba alkama. Ni nake kula da ita in na dawo daga Kano, Baba yana zaune gindin giginya yana nuna mini fangalin da bai ƙoshi ba. Daga gefen gabas ya yanka wa maƙwabcinmu Malam Bulus wani ɓangare aro. Malam Bulus mutumin Filato ne, malamin lissafi a makarantar sakandare, ya daɗe a unguwarmu har 'ya'yansa sun fi shi jin Hausar Haɗeja. Albashi ba ya zuwa a kan lokaci, shi ya sa ya riƙi fartanya, kuma ya riƙe ta da gaske.

Kuɗin mai ya fara tashi a hankali. Sai ka ji a rediyo an yi ƙari, a yi ta surutu a tasha, mu ƙara kuɗin mota, fasinja su zage mu, a saba. Amma 'yan shekaru bayan an yanke mana jihar Jigawa sai aka shiga wani hali da ban taɓa gani ba. Ba tsada kaɗai ba, man ne babu. Gidajen mai suka ɗaure ƙofa da igiya. In aka ji tanka ta shigo gari, kafin ta tsaya layi ya miƙe har ya wuce inda ido yake kaiwa. Hukuma kuma ta hana sayar da mai a jarka, wai don maganin masu tsallakawa da shi ƙetaren iyaka. Dokar ba ta tuna da manoma ba. Na ga dattijo ya ɗauro injinsa a bayan keke ya kawo gidan mai don a zuba masa a ɗan tankinsa, abin da ba zai kai shi azahar ba. Wannan kuwa ya zo ne daidai lokacin da alkamarmu ta ɗauki ciki, lokacin da in ta rasa ruwa ba ta yafewa.

Na shiga layi da Fijo, tankinta kusan a bushe. Motoci duk a kashe, in gaba ta matsa sai mu tura da hannu. Layin ya zama gari guda: masu abinci suka kafa tukwane, wanzami ya shimfiɗa tabarma, muna sallah sahu-sahu a gefen titi. Yaya Sale yakan rufe shago ya zo ya zauna a gaban mota, Malam Bulus kuma in an tashi makaranta ya biyo, su jingina da motar su ɗauko gardamar da ba ta ƙarewa. Su biyun suna ganin girman juna, amma a kan zancen mai ba su taɓa haɗa baki ba.

Malam Bulus ya ce, “Alhaji, ni abin da ya ɗaure mini kai, ƙasar da ake haƙo mai a cikinta, a ɗauke shi ɗanye a kai waje a tace, a dawo mana da shi mu saya. Kamar ka noma gyaɗa ne ka kai wa maƙwabci ya matse, ya sayar maka da man, ya riƙe ƙuli-ƙulin. A gyara matatunmu mu tace abinmu, kowa ya samu da sauƙi.”

Yaya ya ce, “Malam, ni ɗan kasuwa ne. Duk kayan da aka ce dole a sayar da arha, ɓoye shi ake yi, ko a kai shi inda zai yi daraja. A sake shi ya yi kuɗinsa, gobe ka ga gidajen mai a cike.”

“A cike, amma wa zai saya? Albashina yana nan inda yake.”

“Yanzu da yake da arha, ka saya?”

Malam Bulus ya yi dariya, ya ce bai saya ba. Amma ya ce ƙasar da ba ta iya kunna fitilarta sai jirgin ruwa ya iso daga wata ƙasa, 'yancinta da saura. Yaya ya ce shi bai ƙi a tace a gida ba, amma kafin a gama gyaran mutane za su ci abinci. Direbobi suka kewaye su, wasu na bayan wannan, wasu na bayan wancan. Wani ya ce ai an kusa samun mai a wajen tafkin Chadi, in aka samu mu ma a nan mun huta da jiran tanka daga kudu. Na ɗauki wannan zance da zafinsa na kai wa mahaifiyarku, don a can bakin tafkin ta taso. Na same ta ta ture risho gefe saboda ba kananzir, tana fama da ɓuntun shinkafa a murhu, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja.

Ta ce, “Malam, tun ina yarinya nake ganin masu neman man nan suna wuce garinmu da manyan motoci. Na yi aure, na haihu, har yanzu nema suke. Ka bar su su nema. Kai ka je ka ga alkamar Baba.”

Da layi ya zo kaina aka cika mini tanki har baki. Na tuƙo gida a hankali kamar na ɗauko ƙwai. Kafin in kashe mota 'yan kasuwa sun biyo ni ƙofar gida, kowa yana roƙon kujera zuwa Kano, kowa yana cewa in faɗi abin da nake so. Bayan la'asar muka zauna a zaure, ni da Yaya da Baba. Baba ya dawo daga fadama ke nan, ƙafarsa duk ƙura, ya zaro wani abu daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Ganyen alkama ne, ya nannaɗe kamar tsinke, bakinsa ya fara ja.

Yaya ya ce, “Idi, gobe da asuba ka yi lodi. In ka je Kano ka sayi mai wurin 'yan bumburutu, ka cika tanki, ka ƙaro a jarka ka kawo wa gona. Mota ta yi aiki, gona ta sha ruwa.”

Na ce, “Yaya, waɗanda suka tafi Kano makon jiya har yau wasunsu ba su dawo ba, suna can a layi. Jarka kuma ƙwacewa ake yi a hanya. In ma na tsallake da ita, man bumburutu gauraye yake da kananzir, ka ga yadda ya kashe injin mutanen da ke ƙasa da mu. Alkamar nan ba za ta jira ni ba.”

“To me kake so a yi?”

“A juye man a ba inji.”

Ina so ku gane cewa yayana ba mugun mutum ba ne, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Kasuwar yadi ta mutu a shekarar, ba mai ɗinka sabon kaya alhali abinci yana gagara. Motar nan ita ce take riƙe da gidansa. Ga bikin 'yarsa Rabi an sa shi bayan girbi, ko gado bai saya mata ba. A ganinsa ga dama ta zo har ƙofar gida, ni kuma ina so in zuba ta a ƙasa. Na ce to a raba, rabi na mota, rabi na gona. Ya ce rabin tanki ba ya kai mutum Kano ya dawo da shi, kuma na fi shi sani. Gaskiya ya faɗa. Muka juya wajen Baba.

Baba ya ce, “Motar taku ce, ban sa ko kwabo a ciki ba. Gonar tawa ce, amma ba ni zan ci yawancin abin da ke cikinta ba. Ku biyu kun girma. Abin da na sani kawai, in aka kai jibi ba ta sha ba, sai dai a sakar wa shanu.”

Ya tashi ya shiga alwala ya bar mu. Ban yi abin a ɓoye ba. Da aka idar da sallar asuba na tari Yaya a ƙofar masallaci, na ce masa na yi tunani, fadama zan kai motar. Na ce masa abincin gidaje uku ne a gonar nan, nasa da nawa da na Malam Bulus, kuma in muka rasa shi ba abin da Fijo za ta samo da zai saya mana irinsa a wannan tsada. Bai ɗaga murya ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne.

Ya ce, “Ni ne babba, kuma kasona ya fi naka. Na ce a'a. In ka buɗe tankin nan, Idi, to mun gama tarayya a mota.”

Na ce, “Na ji, Yaya. Ka yi haƙuri.”

Na tuƙa ta har inda hanya ta ƙare, na ajiye ta a kan tudu. Malam Bulus, da na yi wa magana kafin in fito, yana jirana da mesa da jarkoki. Da ya ji yadda muka yi da Yaya sai ya ajiye jarkar, ya ce shi ba ya so a ce saboda ɗan ɓangarensa 'yan'uwa suka ɓata, a cire nasa a ciki. Na ce masa ruwa in ya shigo magudana ba ya tambayar fangalin wane ne, ya ɗauki jarka mu tafi. Na zura mesa a tanki na zuƙa, man ya cika mini baki, na tofar, ya fara zuba. Har yau in na ji warin fetur da safe sai in tuna wannan ɗaci. Muka ɗura wa inji, na ja igiya, ya yi tari ya kama. Ruwa ya taho ta tiyo ya faɗa magudana, ya bi ta yana tura busasshen ganye a gabansa, ya shiga fangalin farko. Ƙasar ta tsage saboda ƙishi, tana sha tana ƙara kamar ana soya abu. Baba ya iso da sandarsa ya tsaya yana kallo. Can ya tsuguna ya sa hannu a ruwan, ya shafa a fuska.

Man nan mun yi masa riƙon magani. Ba ma tayar da inji sai da sanyin safiya, kuma da fangali ya ƙoshi muke kashewa. Baba ya sa muka sake kafa jigonsa a bakin kogi, ya zauna yana ba da umarni, ni da Malam Bulus muna karɓa-karɓa, duk fangalin da ke kusa da ruwa da hannu muka shayar da shi don a bar wa na nesa man. Hannuna da ya saba da sitiyari ya yi kanta, ya fashe, ya warke. Malam Bulus yana jan guga yana ci gaba da gardamarsa ko da ba abokin gardama, yana cewa ga shi nan, ƙasa mai arzikin mai ta mayar da malamin lissafi kan jigo. Baba ya ce masa ya yi ta ja, jigo ba ya bin layi. Mahaifiyarku takan aiko mana da ɗan wake da rana, mu ci a gindin giginya, mu miƙe ƙafa. Ban taɓa gajiya irin ta wannan lokaci ba, kuma ban taɓa barci mai daɗinsa ba. Ganyen ya warware, kai ya fito, ya cika, ya yi ja. Ba duka muka tsira da ita ba, can ƙarshen gonar inda ruwa bai kai da wuri ba ta yi ƙaiƙayi. Amma abin da muka girbe ya cika ɗakin ajiyar Baba har muka ɗora saura a soro.

Ita kuwa Fijo, da ɗan abin da na rage na dawo da ita ƙofar gida, a nan ta zauna. Wahalar mai ba ta sake ba, batir ya mutu, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin hutu. Yaya ya cika maganarsa. Ya kawo wani mutumin Birniwa ya duba ta ya saya, aka ba kowa nasa a gaban Baba, ba wanda ya cuci wani. Ranar da aka ja ta na shiga ɗaki, ban so in ga fitarta ba. Na auna kason Yaya na alkama na kai masa gida a kan jaki, ya karɓa ya ce an gode, kamar yadda ake gaya wa baƙo. Da alkamar nan aka yi alkakin bikin Rabi da taliyar da aka ci, sauran ya sayar ya yi mata kayan ɗaki daidai gwargwado, ba irin wanda ya yi niyya ba. Bayan biki ya rufe shagon yadi ya kwashe iyalinsa ya koma Kano. A can ya shiga harkar mai, ya fara da ɗaukar kaya wa wasu, har ya kai ga buɗe ɗan gidan mansa a bayan gari. Allah ya buɗa masa, kuma na yi masa murna.

Ni da kasona na sayi bijimai biyu da garma da amalanke. Na rage alkama, na ƙara shinkafa da damina, in ruwa ya janye in bi danshi da wake, injin kuma na bar shi don lokacin da ba makawa. Na yi wa kaina alkawari ba zan sake shuka abin da zai mutu don tanka ba ta iso ba. Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. In na bi ta gaban tasha a kan amalanke tsofaffin abokaina sukan yi mini hon, su ce Idi Direba ya koma giya ɗaya. Ku da kuka saba a kai ku makaranta a mota kuka koma tafiya a ƙasa. Ranar da naƙudar ƙanwarku Binta ta tashi, a kan amalanke na kai mahaifiyarku asibiti, na shimfiɗa mata katifa, ina kora shanu ina jin nishinta a bayana, kuma a ranar na tambayi kaina ko na yi daidai. Allah ya sauke ta lafiya. Daga baya na gaya mata abin da ya zo mini a rai, ta ce ai ko motar tana nan ba mai a cikinta, in daina wahalar da kaina. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne Baba. Bai taɓa cewa na yi kuskure ba, amma in an ji ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida sai in ga ya ɗaga kai. Yaya yana aiko da saƙo da kayan sallah, yana zuwa in an yi rasuwa, mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi iyali, shi ke nan. Haka muka yi shekaru. Gidana bai rasa abinci ba ko sau ɗaya, kun ci kun ƙoshi, kun yi karatu da kuɗin shinkafa da wake, amma zauren Baba ya yi shiru.

Wajen ƙarshen shekarun nan aka sake shiga wata wahalar mai, ita ma mai tsanani, daidai lokacin da Baba ya kwanta ciwo. Ya ce a kira masa babban ɗansa. Na aika, sai wani ɗan kasuwa ya dawo mini da amsa cewa Yaya yana tafe a jirgin ƙasa, zai sauka a Malam Madori, don shi ma gidan mansa a bushe yake, ko na motarsa ba shi da shi. Na san ba zai sami abin hawa daga tashar jirgi zuwa gida ba. Na ɗaura wa shanu amalanke, na shimfiɗa sabuwar tabarma da matashi, na kama hanya tun da safe. Na same shi tsaye a inuwa da jakarsa, cikin babbar riga, ya yi furfura fiye da yadda na zata. Ya dubi shanun, ya dube ni, ya miƙo mini jakar ya hau.

Tafiyar amalanke doguwa ce, kuma ba inda mutum zai juya ya kauce wa ɗan'uwansa. Da farko ba mu ce komai ba sai labarin jikin Baba. Muka wuce motoci a gefen hanya an rufe su da buhu. Can ya tambaye ni ko shanun nan su ne na farko, na ce a'a, waɗancan na sayar, waɗannan su ne na uku. Ya ce suna da kyau. Da muka hango bishiyoyin bakin kogi sai ya gyara zama.

Ya ce, “Malam Bulus yana nan?”

“Yana nan. Har yanzu yana jiran a gyara matatu.”

“Zai daɗe yana jira. Amma ka gaya masa na shiga harkar na gani, akwai gaskiya a maganarsa. Mai gidan mai ne a kan amalanke.” Ya ɗan yi murmushi. “Ban ce duka ba. Tawa ma tana nan.”

“Zai so ya ji daga bakinka.”

Can ya ce, “Idi, har yanzu ina ganin da ka je Kano ranar nan da ka dawo da mai.”

Na ce, “Ni kuma har yanzu ina ganin da na dawo na tarar da ciyawa.”

Ya yi dariya, irin dariyarsa ta da wadda kafaɗunsa suke rawa, ni ma na yi. Daga nan bakinmu ya buɗe. Ya ba ni labarin wahalar da ya sha a Kano kafin ya tsaya da ƙafarsa, abin da ban taɓa sani ba. Na ba shi labarin haihuwar Binta. Ya ce da ya ji labarin a lokacin ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai, amma ya rasa yadda zai ce mini. Ba wanda ya ce wa wani ya yafe, kuma ba wanda ya janye maganarsa. Har yau in kun tambaye shi zai ce muku shi ne da gaskiya.

Mun iso gida la'asar ta yi. An fito da Baba zaure an jingina shi da bango don ya sha iska. Ciwon nan bai tafi da shi ba, ya tashi, ya ƙara shekaru a cikinmu, kuma a shekarun nan Yaya ba ya wata guda bai zo ba. Amma a ranar ba mu san haka ba. Yaya ya sauka da sauri ya durƙusa a gabansa. Baba ya dafa kansa, ya dube shi, ya ɗaga ido ya dube ni ina riƙe da igiya, sannan ya dubi shanun da suke haki.

Ya ce, “Gaisuwa ba ta gudu. Ku je ku ba dabbobin nan ruwa tukuna, sun yi tafiya.”

Muka ja su zuwa rijiyar bayan gida. Na ɗauki guga zan zura, sai Yaya ya naɗe hannun babbar rigarsa ya karɓa daga hannuna. Shi ya ja ruwan, ni na riƙe shanun.